Hucin Robine da Ya Kori Alkasum

Alkasum baduku maƙwabcinmu ne a Agadas. Shekara talatin yana ɗinka takalma da zabira a zauren ubansa, kuma a duk unguwa ba wanda ya kai shi taurin kai. Na faɗa masa haka a gaban idonsa ba sau ɗaya ba.

Bayan sojoji sun karɓi mulki, damina ta yi mana rowa, robine, wato famfo, sai ya kwana huɗu bai ɗiga ba. Alkasum ya buɗe wa unguwa grup a watsap, ya sa masa suna "Ina Ruwa?" Wanda ya ga ruwa a wani robine sai ya sanar, mu kwashi bido, wato jarkokin ruwa, mu ruga.

Ya kafa dokoki. In ka ce ruwa ya zo, turo hoton hannunka a jiƙe. Ba a goge saƙo. Wanda ya sa mutane tafiyar banza ya amsa laifinsa da bakinsa, a fitar da shi kwana bakwai. Yakan ce abin da ka faɗa gaban mutum tamanin, gabansu za ka janye shi. Ni ma ya taɓa korata don na yarda da maganar ƙanwata na sanar da ruwan da bai zo ba. Wata guda ban gaishe shi ba.

Wata Talata yana dawowa daga kasuwar dabbobi, rungume da fatu, ya ji robinen bayan kasuwa yana huci. Kowa ya san hucin nan: wani sa'i ruwa ne tafe, wani sa'i iska ce zalla. Malam bai tsaya ba, ya aiko da murya cewa ruwa ya zo. Ba hoto. To wa zai tambayi Alkasum hoto? Muka fita mu ashirin cikin rana, har da Inna Biba mai ciwon gwiwa. Iska muka tarar.

Hamidu, abokinsa da suke riƙe da grup ɗin tare, ya same shi a zaure ya ce, "Goge saƙon, mu ce ruwan ya zo ya ɗauke."

Alkasum ya ce, "Inna Biba ma za a goge mata tafiyar?"

Ya ɗauki wayarsa ya yi magana: "Jama'a, ni ne Alkasum. Huci na ji, ban taɓa ruwa ba. Ku yafe mini." Ya fitar da kansa.

Ba zan ɓoye ba, ranar na yi dariya har da hawaye. Amma matarsa Fatouma ba ta da waya, gidan mutum tara ba mai jin labarin ruwa. Bayan kwana uku na fara jin tausayinsu.

Rana ta biyar ruwa ya zo robinen ƙofar gidansa, shi ya fara gani. Ba grup, sai ya bi gida-gida da ƙafa, ya fara da Inna Biba. Ta leƙo ta ce, "Ɗana, ina hoton?" Ya miƙa mata hannu yana ɗiga. Ta taɓa, ta tura masa bidonta biyu. Ya cika mata, ya kai har tsakar gida. Kafin ya koma kan nasa, ruwa ya ɗauke.

Da la'asar na kai masa bido ɗaya, na ce zan roƙi Hamidu ya maido shi. Ya karɓi ruwan ya yi godiya, ya ce saura kwana biyu, kada in sa baki.