Gidan Habibu, Shekara Shida Bayan Yaya Saude

Shekara shida ke nan da aka kai Yaya Saude makwancinta a Manchester, amma har yau idan wayata ta yi ƙara da sassafe sai in ɗauka ita ce, za ta fara da faɗa kafin gaisuwa. Allah Ya jiƙanta, mace ce mai kafiya. Ni ƙanwarta ce, na fi kowa shan wannan hali nata.

Ɗanta ɗaya ne, Habibu. An haife shi da jinkirin fahimta, ga farfaɗiya da ke taso masa jefi-jefi, mahaifinsa kuma ya rasu tun yana ƙarami. Da ya doshi talatin sai Yaya ta tasa council, wato hukumar gari, a gaba, yau ofis gobe waya, har aka ba shi flat, ɗan gida nasa na kansa, a unguwar Cheetham Hill ta Manchester, da ma'aikatan da ke zuwa safe da yamma su taya shi girki da shan magani. Mutanenmu kuwa suka samu abin taunawa. Gidan suna da gidan biki, zancen ɗaya ne: Saude ta gaji da ɗanta ta miƙa wa Turawa. Ko a jikinta. Abin da ta ce mini kawai shi ne, "Binta, gara ya koyi zama ba ni tun ina nan ina kallonsa."

Ta yi watanni tana koya masa hawa bas, tana binsa daga nesa yadda ba zai gan ta ba. Ranar da ya ƙona shinkafa ta zauna ta cinye ba ta ce uffan ba, ita da ba ta taɓa barin miyar kowa ta wuce ba gyara.

Ranar addu'ar bakwai ɗin Yaya, Baffa Isa, ƙanin mahaifin Habibu, wanda ke zaune nan Birmingham kusa da mu, ya gyara murya ya ce yaron nan maraya ne yanzu, riƙonsa a wuyansa yake, har ya sa an share masa ɗaki a gidansa da ke unguwar Lozells. Da zuciya ɗaya ya faɗa, haka muka taso muka ga ana yi. Sai dai "yaron" yana zaune a gefe da gemunsa, ba wanda ya dube shi. Na ce a tambaye shi mana.

Habibu ya ce, "Baffa, na gode. Amma ni ina da gida. Kuma gobe ne ranar fitar da shara."

Aka yi dariya cikin hawaye, aka bar maganar.

Sai ga shekarun tsuke bakin aljihu sun kai mana har ƙofa. Aka rufe cibiyar masu buƙata ta musamman da Habibu yake zuwa da rana, aka zaftare masa ma'aikaciyar yamma. Wata rana ciwon ya kayar da shi a kicin shi kaɗai, ya fasa goshi. Baffa ya sake tayar da zancen ɗaukarsa, kuma wannan karon na ji tsoro ƙwarai, don hujjarsa tana nan a goshin Habibu, an ɗinke ta da zare.

Na yi ta tambayar kaina me Yaya za ta yi da wannan zamani. Na san ba za ta zauna kuka ba. Za ta fara da council, ta wanke su tas, sannan ta juyo kanmu ta ce wato ɗauke mutum kaɗai muka iya, zuwa wurinsa ne ya gagare mu? Haka na faɗa wa Baffa, da muryata amma da kafiyarta. Muka ɗaukaka ƙara, aka maido da wani ɓangare na lokacin da aka yanke. Abin da ya rage muka raba tsakaninmu. Baffa da kansa yake tuƙo mota duk Asabar, yana mita yana zuwa, Habibu kuma ya dafa masa shayin da ya yi sukari da yawa.

Ba zan ce komai ya daidaita ba. Duk shekara ana sake duba buƙatunsa, duk shekara sai mun ja daga. Amma yanzu ba na shakkar cewa Yaya ta yi daidai. Ba ta bar dukiya ba, ta bar mutum mai makulli a aljihunsa, wanda ya san lambar bas ɗinsa da sunan maƙwabtansa.

Babbar Sallar da ta wuce muka taru a Lozells ana rabon naman layya. A al'adarmu gida-gida ake kasawa, wanda ake riƙo kuwa a kason mai riƙonsa yake ci. Baffa yana ɗaure leda yana kiran sunaye, gidan wane, gidan wance. Sai ya ɗaga wata mai nauyi, ya miƙo mini ba tare da ya ɗago kai ba.

"Binta, ajiye wannan gefe," in ji shi. "Ta gidan Habibu ce."