Harsashi ɗaya, Bismillah ɗaya

Bana shekara goma sha shida ke nan da muka kai Malam Garba makwancinsa. Mu Hausawan Greensboro ta Amurka da Baushe muka san shi, domin maharbi ne ɗan maharbi daga wani ƙauye a yankin Maraɗi. Jidon kwalaye yake yi a wani sito da ke Wendover, amma bai taɓa yarda cewa sana'arsa ke nan ba. Ni maƙwabcinsa ne a gidajen haya na High Point Road, titin da yanzu aka sake wa suna Gate City. Ban san komai a harbi ba. Abin da na iya shi ne cin nama, kuma a nan ba wanda ya taɓa kuka da ni.

Mun zaci dokokin farauta na jihar nan za su ishe shi, sai ga shi ya fi masu dokar son ta. Ya yanki lasisi, wanda shi yake kira permi irin na mutanen Nijar. Ya sa hular nan mai ruwan lemo da ake tilasta wa maharba, muka yi ta yi masa tsiya, ko a jikinsa. Da aka gaya masa akwai watannin da ba a taɓa barewa, sai ya ce ai a gida ma maharbin kirki ba ya harbin mai ciki ko mai shayarwa. Abin da ya fi faranta masa rai shi ne da ya ji gwamnati ta ware kwanaki na musamman don bindiga mai ɗurin baki, wadda ake zuba wa albarushi a danna da sanda, irin ta tsohonsa. "Wala," ya ce, "ashe Nasara ma sun san bindiga."

Wuri ɗaya suka raba hanya da doka. Idan lokacin sauran bindigogi ya buɗe, doka ta yarda a fita da fistol, da gajeriyar nan mai sauƙin ɗauka, har da mai ɗura kanta, wadda duk taɓa kunama ɗaya harsashi ɗaya ne, ba sai ka tsaya ɗuri ba. Shi kuwa Baushe ƙa'idarsa ita ce kowane harsashi da Bismillarsa. Bindigar da ta fi bakin mai ita sauri, in ji shi, ba ta maharbi ba ce.

Sai ɗansa Habu, wanda ya zama cikakken makanike a lokacin, ya je ya sayo mai ɗura kanta. Da ita ya kashe barewarsa ta farko a McLeansville, a gonar wani dattijon Bature da ke barinsu su shiga. Ya kawo ta a bayan a-kori-kura, muka taru a wurin ajiye motoci muna yaba girman ƙahonta. Uban ya zagaya ta, ya duba raunukan.

"Harbi nawa ka yi?"

"Uku, Baba."

"Bismillah fa?"

"Na yi tun da na ɗaga bindiga. Baba, ligal ne fa, doka ta yarda."

"Ban tambaye ka ligal ba. A cikin ukun, wanne ya kashe ta?"

Baushe ya ce a gabanmu duka shi ba zai ci naman wannan bindiga ba, ya juya ya hau bene.

Maganar ta kai gaban limaminmu, ya ce nama halal ne, tunda an ambaci sunan Allah a kan dabbar da aka nufa. Baushe bai yi musu ba. Shi da kansa ya feɗe barewar, ya yi kilishi, ya bi gidajenmu yana rabawa yana cewa harbin Habu ne. Da na tambaye shi shi fa, sai ya ce, "Ni na riga na faɗa a gaban mutane." Habu ma bai ajiye bindigarsa ba, domin taurin kan gado ne. Haka aka yi shekaru, duk kaka yaron nan ya kawo nama, Hajiya Rabi, matar Baushe, ta ɗora tukunya biyu, ɗaya ta mijinta ɗaya ta ɗanta. Habu ba ya rasa masu ci da masu yabo. Mutum ɗaya yake so ya ga ya kai loma baki, kuma duk mun san haka.

Wani lokaci nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. A zamaninsa an hana farauta da bindiga ranar Lahadi, ranar da ta fi zama masa hutu, ya yi ta mita amma bai taɓa ketawa ba. Yanzu an sassauta wannan. Ina jin da ya yi murna a fili, sannan ya ce barewa ma tana da haƙƙin hutu. Kantunan Wendover kuwa sun cika da masu ɗura kansu, har samarinmu da ba su taɓa kwana a daji ba suna saye. A nan na san tsaki kawai zai ja.

Ciwon hanta ya kwantar da shi a tsakiyar zafi. Da abinci ya daina shiga, wata rana da la'asar ina zaune ya ce wa Hajiya romon barewa yake so, amma na harbin Habu. Aka buɗe firiza, babu ko ƙashi, an rabar tun da azumi. Ba a sayar da naman barewar daji a jihar nan, kuma ko an roƙo a wurin wani, ba shi ya nema ba. Habu ya ɗauko bindiga da makullin mota. Uban ya sa aka kira shi.

"Ina za ka?"

"Gona, Baba. Ba wanda zai gan ni."

"Yanzu 'ya'ya ne a bayansu. Ka jira a buɗe farauta. Ni ma zan jira."

Bai kai ba. Ya cika kafin kaka, tun ganyen itatuwa bai fara ja ba.

Ba na cikin masu cewa mamaci ba ya kuskure. Baushe ya yi gaskiya a kan barewa mai shayarwa, amma ya daɗe da yawa kafin ya nemi romon nan, kuma har yau abin yana ci mini rai. Bindigarsa mai ɗurin baki tana rataye a falon Hajiya, ba mai iya ɗura ta. Ƙa'idarsa ta harsashi da Bismillah ban san wanda ya ɗauka ba, har ɗan nasa, wanda har gobe da mai ɗura kanta yake fita.

Abin da ya rage shi ne naman. A shekarar da ya rasu, da lokaci ya buɗe, Habu ya kawo barewa, Hajiya ta yi romo a tukunya ɗaya, muka sha muka yi wa mamaci addu'a. Habu ne ya yi ta zuba mana. Tun daga ranar duk kaka sai ya bi gidajenmu da rabo, kuma shekara goma sha shida ke nan ba wanda ya ga ya ɗanɗana abin da ya harbo.

Allah Ya jiƙan Malam Garba, Ya ba ɗansa haƙurin rashinsa.