Yatsun Yaya

A bangon ɗakinmu na unguwar Karantina a Jidda, sama da katifar Yaya, akwai hoton wani Bature a keken guragu, kansa a langaɓe gefe guda. Inna ta tsani hoton nan. Ta ce mutum yana fama da nasa ciwon, ya je ya kwaso na wani ya manna a bango. Yaya sai ya yi dariya, ya ce mata mutumin nan da take rainawa ya fi kowa sanin abin da ke faruwa idan tauraro ya mutu ya zama baƙin rami, kuma da motsin kunci kawai yake sarrafa na'urar da ke magana a madadinsa.

Yaya ya girme ni da shekara huɗu. Yana ajin ƙarshe na sakandare ciwon ya fara cin jijiyoyinsa. Ƙafafu suka fara tafiya, daga baya yatsu suka riƙa lanƙwashewa cikin tafin hannu. Kai kuwa lafiya lau, har ya yi yawa. Fiziya, wato physics, ita ce cinsa da shansa. Ni ce marubuciyarsa, yana faɗa ina rubuta lissafin da ban san kansa ba balle gindinsa. In na yi kuskure ya ce, "Ke, hankalin naki ya tafi cefane ne?"

Da waɗannan takardu masu karkataccen rubutuna wata jami'a a ƙasar waje ta ba shi gurbin karatu, da sharaɗin ya isa kafin a buɗe zango. Sai dai iƙamarsa, takardar izinin zama a ƙasar, ta ƙare. Babu fita sai an sabunta ta, babu sabuntawa sai ya ɗora yatsu a kan gilashin basma, na'urar da ke ɗaukar zanen yatsa. A Jidda aka haife shi, a Jidda aka haifi mahaifinmu, amma wai sai gilashi ya shaide shi.

Zuwanmu na farko ofishin sabunta iƙama na'urar ta nuna ja, don yatsun sun ƙi kwanciya. Ma'aikacin ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce, "Mafi basma," wato babu zanen yatsa. "Yalla, na gaba."

Inna ta ɗaura ɗamara. Mako guda tana gasa masa hannu da ruwan ɗumi, tana murza man zaitun. Ranar komawa ma tun da safe ta labta masa, har yatsun suna sheƙi. Sun ɗan saki kuwa, amma man ya dame gilashin, aka sake samun ja. Ma'aikacin ya goge wurin yana tsaki. Har Inna ta rasu ba mu gaya mata dalilin ba.

A zuwa na uku kwanakin sun kusa ƙarewa, ni kuma zuciya ta ɗebe ni. Na ce, "Yaya, yi haƙuri." Na kama babban yatsansa na miƙar da shi da ƙarfin tsiya, na danna a gilashin. Na ji ƙas. Bai yi ihu ba, hawaye ne kawai suka gangaro masa. Na'urar ta nuna ja.

Na ce wa ma'aikacin, "Ga shi a gabanka, ga fuskarsa, ga tsohuwar iƙamar. Dube shi mana!"

Ya ce, "Ya ukhti, nizam ne, haka doka ta ce. Ku kawo takardar asibiti a tura sama. Halas."

Abin da tun ranar farko zai iya faɗa mana ke nan. Takardar ta fito bayan an daɗe da buɗe zango, an ba wani gurbin. Ban yafe ba, kuma ba na jin zan yafe.

Da aka zo rushe Karantina muna haɗa kaya za mu koma unguwar Khumra, na miƙa hannu zan ciro hoton. Yaya ya ce, "Bar shi nan. Shi an zauna an ƙera abin da zai saurari kuncinsa. Ni yatsu goma na kai musu, aka rasa mai ɗago kai."

Tun daga lokacin bai ƙara cewa in ɗauko biro ba. Yatsan da na karya kuwa ya warke a miƙe, shi kaɗai a cikin goman. Kullum da safe in na zo wanke masa hannu, shi nake fara gani.