Usta Miftah da Waya Marar Ɗigo

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma, da wanda ya kintsa da wanda bai kintsa ba. Ranar Talata, bakwai ga watan Rajab, da hantsi, Allah ya karɓi ran Usta Miftah ɗan Abdussalam, mai haɗa wayar batir a bayan kasuwar garin Jalu. Usta a wurinmu shi ne gwanin da ya ƙware a sana'arsa. Ya buɗe shago, ya ɗora shayi, ya zauna bisa kujerarsa, daga nan bai sake tashi ba. An yi masa salla bayan Azahar, kuma duk garin ya je. Ni Wanis, wanda ya fi kowa cika masa kunne, ban je ba. Dalilin rashin zuwan nan shi ya sa na ɗauki alƙalami, ni da iyakacin karatuna allo.

Baffa Miftah, da kai zan yi magana, don ban saba yin maganarka a bayan idonka ba.

Shekara talatin da wani abu kana sana'a ɗaya. Tsofaffin a-kori-kurarmu, waɗanda muka gada wurin iyaye, idan sanyi ya shigo sai su koma nishi da safe kamar tsohon raƙumi. Wani ya ce batir ne, wani ya ce kik ne, wato abin da ke tayar da inji. Kai kuwa sai ka ɗaga murfin inji, ka cire siririyar wayar da ta tsufa tare da motar, ka yanko wayar walda mai kaurin babban yatsa, jan ƙarfe zalla. Ka narka dalma ka cika bakinta, ka ƙara wata daga inji zuwa jikin mota. Daga ƙarshe ka ɗauki ƙusa da guduma ka yi ɗigo uku a kan bakin wayar. Wannan ne sa hannunka, tunda kai ma ba ka yi boko ba. Ka sha faɗa mana: "Batir rijiya ne, kik raƙumi ne mai ƙishi. Ku kuma kuna shayar da shi da tsinken kara, sannan ku ce ya yi taurin kai."

Ba direban da zai kama hanyar Kufra ya wuce ƙofarka ba ka tsayar da shi ba, ko ka san shi ko ba ka san shi ba. Na ga ranar da ka tare wani baƙo da iyalinsa cike da bayan mota, yana ta faɗa wai kana ɓata masa lokaci. Ka taɓa wayarsa sai ta gutsure a hannunka. Ka sake masa sabuwa, ka haɗa yaran da dabino, ka ce masa, "Je ka yi faɗan a Kufra, can akwai inuwa." Da mahaifina Faraj ya rasu ya bar mini motarsa, kai ka zaunar da ni ka nuna mini cikinta. Ka nuna mini yadda ya mayar da batir bayan kujerar direba saboda gurbinsa na gaba ya ruɓe, ka ce duk Jalu ba mota mai wannan haukan sai tamu.

Ni kuma da me na saka maka? Na zuba gishiri a gwangwanin sukarinka. Na sa ƙadangare a kwalin ƙusoshinka. Na ɗaure takalmanka biyu da waya a ƙofar masallaci. Kullum sai ka ce, "Shaiɗanin gonar tumatir, wata rana za ka gamu da daidai kai." Ni kuma in ce, "Baffa, wanda zai kama ni ba a haife shi ba, balle mai furfura." Ka kai mini duka da hula, sannan ka miƙo mini shayi da kumfarsa, da gyaɗa a ciki.

Abu ɗaya kake alfahari da shi. Kasuwa ta cika da wayar jabu, farin ƙarfe marar nauyi da aka wanke da ja, wadda ido ba ya rabe ta da ta ƙwarai sai an kankare. Ita ce ke zafi ta ƙi tayar da mota, ta bar mutum a tsakiyar rairayi inda ba mai jin kiransa. Kai kuwa ka ce ko ido rufe, in aka ɗora maka waya a tafin hannu, nauyinta zai gaya maka gaskiya. Na ce cika baki ne na tsofaffi. Da na kai tumatir Ajdabiya sai na sayo jabu kamu huɗu, baƙa, kaurinta ɗaya da taka. Ranar Asabar, da ka zagaya alwala, na rataye ta cikin wayoyinka. Niyyata in ka ɗauke ta za ka yanka, in yi ihu in tara maka maƙwabta. Wallahi iyakar niyyata ke nan.

Ba ka ɗauke ta ran nan ba. Ranar Litinin na kawo motata don wayarta ta fara cin tsatsa. Ka aike ni sayo burodi da gyaɗa, ko da na dawo ka rufe murfi. Ka ce, "Ta musamman na sa maka, irin ta manyan mutane." Na wuce gona na kwana can, zancen jabu kuwa ya fita kaina sarai.

Talata da safe mota ta ƙi tashi. Na yi ta murɗa makulli har batir ya mutu. Ina nan tsaye ina zagin batir aka bugo mini waya aka ce ka rasu. Tsakanin gonar da gari tafiya ce mai nisa, ga yashi, ba damar turi. Na taka da ƙafa har na samu mai tarakta ya ɗauke ni. Na iso ana dawowa daga maƙabarta, mutane na kakkaɓe hannu.

Washegari na aro batir na je na taso da motar da ƙyar, da rana ta yi zafi. Ko sau ɗaya ban zargi waya ba. Wa ke zargin wayar Usta a Jalu? A nan mutum zai sake batir, ya sake kik, ya je a yi masa addu'a, kafin ya kalli abin da ka haɗa.

A zaman makoki ne, ina cikin rumfa, na ji wani dattijo yana cewa, "Shekara talatin, wayarsa ba ta taɓa ba mutum kunya ba." Sai na tuna da jabun da na rataye. Na ja ɗanka Idris gefe na roƙe shi makullin shago, wai na manta hulata. Na duba wayoyin ɗaya bayan ɗaya. Jabu ba ta nan.

Na tambayi Idris aikin wa da wa ka yi a kwanakin nan. Ya ce motar Alhaji Bubakar mai gidan burodi, da ta Shu'aibu mai kai wa makiyaya ruwa, sai tawa. Tawa ban ma ƙirga ta ba. Na ce ina Shu'aibu? Ya ce tun Litinin da yamma ya shiga rairayi da ganguna, can kudu, inda waya ba ta shiga. Kuma ya ƙara da abin da ya ƙarasa ni. Ya ce watan nan hannunka ya fara rawa, har kofi yana kufce maka, amma ka hana a faɗa wa kowa.

Na mayar masa da makullin na fita.

Na fara da Alhaji Bubakar. Motarsa na ajiye bayan rumfar makoki, na lallaɓa na ɗaga murfi, na sa wuƙa na kankare gefen wayar. Ja ce har ciki. Ina cikin hamdala sai na ji sandar Alhajin a gadon bayana.

"Kai ɗan gidan Faraj! Yau ma? Gawa ba ta huce ba ka fara?"

"Alhaji, dubawa nake yi."

"Me kake dubawa a wayar Usta? Kai ne malaminsa? Ubanka mutumin kirki, ban san inda aka samo ka ba."

Na rufe murfin na bar wurin. Saura Shu'aibu ke nan, mai 'ya'ya biyar, shi kaɗai a mota, da makiyaya suna jiran ruwansa. In jabun tana motarsa, ranar da ta ƙi tashi ba tarakta a can. Kuma in aka samo shi, za a ɗaga murfi a ce wayar Usta ce ta ci shi.

Alhamis da sassafe na cika jarkoki na ce zan bi sawunsa, ko da ban san rijiyar da ya nufa ba. Na murɗa makulli. Nishi. Na sake murɗawa, na riƙe. Sai na ji ƙaurin roba yana tasowa daga bayan kujerata. Na kai hannu, wayar ta ƙone mini yatsu. Na daɗe ina kallonta kafin na zaro wuƙa. Fara ce fat, kamar cikin rogo. Na bi ta har bakinta na goge da gefen riga. Babu ɗigo ko ɗaya.

Na zauna a yashi. Na yi dariya, don Shu'aibu ya tsira. Sai kuma na rasa abin da nake wa dariyar. Ka gane ta ne ka rama, ka ƙi sa hannunka a kan ƙarya? Ko kuwa hannun ne ya gaza, ya ɗauki jabu bai ji ba, ya kuma manta ɗigon? In na farko ne, ka ci ni. In na biyu ne, ni na ɗana wa marar lafiya tarko a kwanakinsa na ƙarshe, na ɓata masa aikinsa na bankwana.

Na tafi gidanka na durƙusa gaban matarka Inna Mabruka na faɗa mata komai, Idris yana tsaye. Na tambaye ta ko ka ce wani abu. Ta ce, "Bai ce komai ba, ɗana. Litinin dai da ya dawo yana cin tuwon sha'ir yana murmushi shi kaɗai. Na ce lafiya? Ya ce ba ruwana da zancen maza." Ta share ido ta ce, "Kai da shi Allah kaɗai ya san wanda ya fi wani rashin ji."

Muka fito tare da Idris. Ya ce akwai wata waya rataye a ƙusa bayan ƙofar shago, haɗaɗɗiya, ba wanda ya zo nema, kuma ya rasa ta wace mota ce don tsawonta ya yi yawa. Muka je. Na ɗora ta a tafin hannu, ni da ban iya komai ba, na ji nauyi. Ga ɗigo uku a kowane baki. Muka ja ta daga kik, ta bi ƙarƙashin mota, ta kai bayan kujerar direba, ta zauna a kan batir ba ragi ba ƙari. Murɗawa ɗaya motar ta tashi.

Shu'aibu ya dawo ranar Asabar lafiya lau, yana tambayar me ya sa na rungume shi.

To, Baffa, an haifi wanda zai kama ni, kuma mai furfura ne. Amma har yanzu kaina bai warware ba. Nufinka in yi turi kwana biyu in dawo kunne a sanyaye, ka sauko da ta ƙwarai ka tara mini maƙwabta. Ba ka san wasan zai hana ni tsayawa a sahun sallarka ba. Ni na kawo wayar, kai ka ɗaura ta. Ban san wanda zai nemi gafarar wani ba, don haka ni na fara: ka yafe mini. Jama'ar Jalu kuma ku shaida, in kun ji an ce wata waya daga shagon Usta ta ƙi tayar da mota, tawa ce, kuma bai sa mata hannu ba.

Ya Allah ka jiƙan bawanka Miftah, ka yalwata masa makwanci, ka sanya duk motar da ta kai mutanenta gida ta sanadinsa a ma'aunin alherinsa. Ka ba Inna Mabruka da Idris da 'yan'uwansa mata haƙurin wannan rashi, ka tsare su kamar yadda ya tsare matafiya. Mu da muka rage ka sa mu cika da imani.

Jabun na rataye ta a ƙusar nan ta bayan ƙofa, Idris ya ce in bar ta. Duk ranar da na shiga shagon sai na ɗaga kai, ina jiran hula ta sauka a ƙeyata.