Ranar da Muka Buga Kwando da Rigunan Shuni

Wata Alhamis ce a tsakiyar bazara, shekarar da na shiga ajin ƙarshe na lakwal, wato makarantar boko. Mushe Ilu, malaminmu na wasanni, ya tara mu a filin ƙwallon kwando da ke bayan makaranta a Zango. Ya ce 'yan Mirya za su zo ran Lahadi, kuma rigunansu farare ne irin namu. Alƙalin wasa ya aiko cewa mu masu gida ne za mu sauya launi, kowa da lamba a baya, riga cikin wando. In ba mu yi ba, a ba baƙi nasara tun ba a taɓa balo ba.

Mu kuwa 'ya'yan manoma da dukawa ne, rigar wasa ɗaya kowa ke da ita. Gwaggo Hajara, wadda nake zaune wurinta tun da aka kawo ni daga Dogo, tana surfe ta ji ina ƙunƙuni. Ta ajiye taɓarya ta ce a tattaro rigunan a kai marina. Ran Asabar suka dawo baƙi wuluk, an buge su a mabuga har suna ƙyalli, tela ya ɗinka lambobi da farin ƙyalle. Mushe ya ce a ɗauraye su tukuna, iyayenmu mata suka ƙi. "Wa ke wanke sabon shuni, Malam? Ai adon ke nan," in ji Gwaggo.

Ran Lahadi Mushe ya zo cikin farar kwat da karabat ɗaure a wuya, rana na dukan ƙeya, don ya ce mai horarwa ma da tasa doka. Alƙali ya duba mu ɗaya bayan ɗaya, ya busa usur. Ba a jima ba gumi ya fara aikinsa. Shuni ya sauko mana wuya da hannuwa, duk ɗan Miryan da muka tura sai ga yatsu biyar a farar rigarsa. Alƙali ya daina gardama da kowa, bayan riga kawai yake dubawa ya yanke laifi. 'Yan kallo suka yi ta faɗuwa don dariya, wani tsoho yana ihu, "Ku taɓa su a hankali, 'yan marina!" Da ƙyar muka ci, muka ruga muka rungume Mushe. Kwat ɗin ba ta sake yin fari ba, shi ma bai daina dariya ba.

Daga baya yawo ya kai ni Dakar da Faransa da Amurka. Na ga ƙwararrun 'yan wasa suna shiga fili kamar angwaye, na ga zamanin da masu horarwa ba sa zama bakin fili sai da kwat, na kuma ga sun koma rigunan motsa jiki. Komai nasu tsaf, kamfani ke ɗinkawa, hukuma ke dubawa. Amma ban ga inda mata suka bar turmi suka zo bakin fili, kowacce tana nuna ɗanta da yatsa, kamar yadda iyayenmu suka yi ran Lahadin nan ba. Mu unguwa ce ta tufatar da mu.