Dikko da Sabuwar Wuƙa

Dikko mahauci maƙwabcina ne a Talata Mafara, katanga ɗaya ta raba mu. Tun yana saurayi wuƙa ke hannunshi. Kafin ki gama dama fura ya feɗe bijimin sa, fatar ko ƙwarzane babu. Kuma ɗan tauri ne, cikin masu shan magani don ƙarfe ya ƙi cin jikinsu.

Shekarun da ake ginin madatsar Bakolori gari ya cika da baƙi, nama na tafiya, kan Dikko ya kumbura. Da la'asar sukan buga dara a ƙofar gidana, shi da Isa, wani tsohon maharbi mutumin Dosara, gardamarsu kuma ɗaya ce kullum. Dikko ya ce wanda ya ƙware da makami asirinshi ma ƙaruwa yake, don ƙarfe ya san ubangidanshi. Isa ya ce iya wuƙa daban, magani daban, shi bakanshi bai taɓa ƙara wa layarshi komai ba. Ni ina tuyar ƙosai, ina faɗa musu rashin aikin yi ne ke damun su.

Ashe Dikko har ya bar shan jiƙon taurin da ake sabuntawa duk shekara, wai ƙwarewa ta cike mishi. Taibatu matarshi ta yi roƙo har ta gaji, kar ya yi wasa da hannun da ke ciyar da su.

Ran kasuwa makaɗan tauri suka zo suka kama kirarinshi. Ya zaro sabuwar wuƙar da maƙeri ya ƙera mishi da ƙarfen sifirin na ƙafar wata tifar aikin madatsa. Isa ya riƙe mishi riga.

"Malam Dikko, wagga ba ta san ka ba tukuna."

"Duk wuƙa ɗiyata ce," in ji shi.

Ya goga ta a tsintsiyar hannun hagu. Ganga ta yi tsit. Ban taɓa ganin farin jijiyar ɗan Adam ba sai ranar. Ƙosaina ya ƙone a kasko ina tsaye baki buɗe.

Wata nas mai suna Justina ta ɗinke shi, amma yatsun ba su ƙara dunƙulewa ba. Wanda ba ya iya riƙe fata kuwa ba ya fiɗa. Ya koma korar ƙuda a teburin ƙanenshi.

Abin da har yau ke ɗaure mini kai, da ya warke ya dawo gindin dara, ya dubi Isa ya ce ai ga shi maganarshi ta tabbata, da tsohuwar wuƙarshi ce ba za ta kama shi ba.