Itatuwan Da Na Sare Don Mota Ta Wuce

Shekarar da aka ba mu jiha ni ma na yi rawa, ba zan yi ƙarya ba. Na yi rawa a bakin kasuwa har silifas ɗina ya tsinke, don an ce Jalingo ta zama hedikwata, zuwa Yola a kan kowace 'yar takarda ya ƙare. A lokacin bulo nake bugawa, sana'ar da na kama tun da na bar makaranta a aji biyar. Ina haya a unguwar Barade, ɗaki biyu: ɗaya ni da matata da yara, ɗaya na Mama, wadda ta haife ni.

Ba a daɗe ba ma'aikata suka fara sauka daga Yola, katifu a kan mota, babu gidan da zai ɗauke su. Mai ɗakin awaki ya share, ya shafa farar ƙasa, ya sa haya. Mai gidanmu ya zo ya tsaya a ƙofar Mama yana auna ɗakin da ido, ya ce akwai wani akawu da yake so. Na roƙe shi ya bar mu. Ya bari, amma Mama ta ji komai. Da ya fita ta kira ni.

"Ni ba zan mutu a ɗakin wani ba," in ji ta. "Ka kai ni gonar babanka. Ka yi mini ɗaki kusa da shi, ko na ciyawa ne."

Na ce zan yi. Abin da nake nema ke nan a duk labarin nan, ɗaki ɗaya a ƙasar ubana.

Gonar tana bayan gari, sai an ƙetare wani rafi. Babana ya same ta a hannun tsohon Jauro, wato mai unguwar wajen, da kaza ɗaya da damin dawa duk kaka. Babu takarda, wa ya san takarda? Iyakarmu aduruku ne da aka dasa a jere, kuma kowa ya san inda nasa ya tsaya. A kusurwar gabas aka binne shi, muka jera duwatsu. Cikin gonar akwai ɗorawa shida manya, da kaɗanya, da mangwaro uku da ya dasa da hannunsa. Da kalwar ɗorawan nan Mama take yin daddawar da ta saya mini rigar makaranta.

Matsalar wajen hanya ce. Da damina rafin yana cika, ba mai kai buhun siminti, balle tsohuwa mai ciwon gwiwa. Sai mu masu gonaki a wajen muka zauna, muka ce tunda gari yana tahowa, mu tare shi. Muka kira gayya kamar yadda muka gada: kowa da fartanya da gatari, mata su dama kunu, masu sha a kawo musu burkutu, mai kalangu yana baya yana zuga mu. Yadda muke wa junanmu noma, haka muka ce za mu yi wa kanmu hanya.

Da aka ja igiya, hanyar ta bi ta tsakiyar gonata, ɗorawa huɗu suna kan layi. Tsofaffi suka ce a karkata, a wajenmu ba a sare ɗorawa sai in ta mutu da kanta. Ni da na yi aji biyar, na ga kamar na fi su sani. Na ce mota ba ta son kwana. Na ɗauki gatari na fara da hannuna. Da na ga muna buƙatar siminti don kwalbatin rafi, sai na sare sauran biyun da kaɗanya da mangwaron, na sayar wa masu gawayi da masu gidan burodi, aka sayi siminti. Na kuma ji ana cewa mutanen birni fili tas suke so, to ni ma bari nawa ya yi tas. Bulon kwalbatin ni na buga, ban karɓi ko sisi ba.

Mama ta yi mako guda ba ta amsa gaisuwata ba.

Akwai maƙwabcina a gona, ɗan'uwa ne ta wajen uwa, wanda bai taɓa zuwa gayyar nan ba ko sau ɗaya. Kullum bayansa na ciwo. In an gama aiki, an zauna shan kunu, sai ka gan shi ya warke, ya zo da ƙwaryarsa. Ko reshe bai yarda an taɓa masa ba. Ku riƙe shi a zuciya, zan dawo kansa.

Rani biyu muka yi muna aikin nan. Ranar da tifa ta farko ta hau kwalbatinmu ta wuce bai fashe ba, mata suka yi guɗa. Na fara tara bulo a kusurwar gabas don ɗakin Mama. Bayan tifa sai ƙananan motoci suka fara shigowa, masu gilashi a rufe, su tsaya, su duba, su juya. Bayan su sai masu awo da na'urarsu mai ƙafa uku.

Jauro na yanzu, ɗan wancan tsohon, ya tara mu a ƙofar gidansa. Wani jami'i daga ofishin da ya aiko masu awon ya yi mana bayani, matashi ne mai baki. Ya ce gari ya girma, ƙasar wajen nan ta yi daraja, kuma darajar ba ta mutum ɗaya ba ce, ta kowa ce. Saboda haka za a karɓi gonakin, a yanka filaye, a sayar wa masu hali. Da kuɗin za a zuba kwalta, a kawo famfo da wuta, a gina ƙananan gidaje masu sauƙi, kuma mu masu gonaki mu ne na farko a layi.

Har yau ba ni da faɗa da maganar nan. Gaskiya ce. Ƙasa ba ta tsada da kanta, mutane ne suke sa ta tsada, don haka ribar ta koma kan mutane. Da an yi yadda ya faɗa, da na ba da gonar ina dariya. Na ma tafa masa. Wannan tafin yana cikin abubuwan da nake jin kunyarsu.

Kashegari aka fito ƙidayar abin da za a biya diyya. Jami'in ya tsaya a tsakiyar gonata da littafinsa, ya juya hagu, ya juya dama.

"Malam, ina itatuwanka?"

"Na sare, ranka ya daɗe. Don hanya."

"To, ai ba ka da komai ke nan."

"Kamar yaya ba ni da komai? Wannan da kake tsaye a kai, ruwa ne?"

"Ƙasa ta gwamnati ce, haka doka take tun kafin a ba mu jiha. Abin da ke kanta ake biya. Itace mai amfani, amfanin gona, gini."

Rani ne, na riga na girbe dawata. Na nuna masa kututturan, ga su nan manya kamar turmi.

"Ba ma biyan kututture."

"To hanyar fa? Kwalbatin fa? Ni na buga bulonsa."

"Wannan ai hanyar jama'a ce."

"Ta ina motarka ta shigo nan?"

Masu riƙe masa igiya suka yi dariya, shi ma ya murmusa, ya ce ina da ban dariya. Na juya wajen Jauro na ce, "Baba, ka yi magana mana. Shekara nawa muna kawo dami gidanku?" Ya dubi ƙasa ya ce, "Sai munyal," wato sai haƙuri. Daga baya na ji an ba shi filaye biyu a bakin hanya. Da ni ma an ba ni biyu, da munyal ɗin ya zo mini da sauƙi.

Ɗan'uwan nan nawa mai ciwon baya, an ƙirga masa itatuwansa ɗaya bayan ɗaya, har da gwandar da tsuntsu ya shuka. Ba wani abin kirki aka ba shi ba, amma ya isa ya sayi babur. Ya zo ya wuce ni a kan hanyar da na sare itatuwana dominta, ya danna hon, ya ce, "Ɗan'uwa, hau in rage maka hanya." Na ce masa ya bi a hankali kada bayan ya tashi.

Saura gidajen. An rubuta sunana a takarda, na gani da idona. Na yi ta zuwa ofishin nan har masinja ya san tarina. Yau oga ya fita, gobe fayil yana sama, jibi a dawo bayan an yi kasafi. Ina zaune a benci sai in ga mutum ya shigo da babbar riga, ba a tambaye shi komai ba, ya fito da takardar fili a hannu. Waɗanda aka ce za su saya da tsada don a yi mana gidaje, su ne masu sa hannu a takardun, su da surukansu. Abin da suka biya kuɗin fom ne da na awo. Suka karɓa, suka kafa duwatsun iyaka, suka tafi suka zauna.

An zuba jar ƙasa a hanyarmu, an kafa turakun wuta, an ja bututun ruwa. Da kuɗin kowa aka yi, ba da kuɗin filayen ba. Duk abin da aka ƙara, farashin wajen ya ƙara tashi, kuma duk tashin yana shiga aljihun mutumin da bai taɓa ɗaga fartanya a wurin ba. Gidajenmu kuwa, an haƙa harsashi a can gefen da ruwa yake kwanciya, aka ɗora bulo layi biyu. Ciyawa ta gama sauran.

Wani rani wani ɗan kwangila ya ɗauke ni buga bulon katanga. Muka hau tifa, muka ƙetare kwalbatina, ta tsaya. Na sauka na ga kututturan. Da na so in juya, amma akwai yara a gida, kuma mai gidan haya bai san tarihi ba. Na buga bulon. Wanda na tara don ɗakin Mama ma yana nan a kusurwa, magina suka haɗa da shi a katangar.

Rana ta uku mai filin ya zo duba aiki, wani babba ne a ɗaya daga ofisoshin. Na wanke hannu na je na rusuna.

"Oga, gonar babana ce nan. Ga kabarinsa can inda duwatsu suke. Ina roƙon kusurwar nan kawai, ta ɗaki ɗaya. Uwata ta tsufa."

Bai yi mini wulaƙanci ba, kuma wannan ya fi ƙona mini rai. Ya ce Allah ya jiƙan baba. Ya ce shi ma ba gini zai yi ba, katangewa kawai zai yi, amma in ina so zai iya yanka mini gefen. Ya faɗi kuɗin. Ko zan buga bulo har in mutu, in tashi in sake bugawa, ba zan haɗa shi ba.

Na ce, "Oga, don Allah in yi tambaya. Me ka yi wa ƙasar nan da ta yi tsada haka?"

Ya yi dariya, ya dafa kafaɗata. "Jira na yi, abokina. Kai ma ka koyi jira."

Ya ce in ina so in tone ƙasusuwan kafin a rufe katanga, ba zai hana ba.

Na koma Barade na faɗa wa Mama duka, ban rage komai ba. Tana zaune a bakin gado tana shafa gwiwa. 

"Ka bar shi inda yake," in ji ta. "Shi kaɗai ne a cikinmu da ba a iya kora ba." Sai ta dube ni. "Ka sare ɗorawa don mota ta wuce. To, ga shi ta wuce."

Da daminar da ta biyo baya ta rasu, a ɗakin nan na haya, ruwa yana ɗiga a kwano kusa da kanta. A maƙabartar coci muka binne ta, nesa da shi. Ba a yi sati biyu ba mai gida ya sa wani akawu a ɗakin.

Filin yana nan. An sayar da shi, an sake sayarwa, har yau ba wanda ya kwana a ciki. Katangar ba ta tsage ba, don aikina ne. Babana yana ciki da ƙadangaru.

Yanzu ina noma wata 'yar gona ta dangin matata a hanyar Sunkani. Na cika ta da mangwaro da kashu har dawa ba ta samun rana sosai, kuma da rani ma ina barin rogo a ƙasa. Bara matasan wajen suka zo da mai kalangu, wai za a yi gayyar hanya, sun ji na iya kwalbati. Na ba su benci, na ba su ruwa, na faɗa musu abin da na faɗa muku. Na ce su fara samo takarda mai hatimi da ta ce in ƙasar ta yi tsada, kashi nawa ne nasu, sannan su zo mu yi magana. Suka ce Baba ya cika ɗaci, suka tafi suka fara. Ina jin gatarinsu daga inda nake zaune. Ni kam bayana yana ciwo.